Ruth, Aaron ko Bonds: me ƙwayar ƙara kuzari ke ƙara wa mai bugun besbol?

"Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a unguwar Bronx ta birnin New York, gidanmu ba shi da nisa da filin ƙungiyar besbol ta Yankees. Ɗana mai shekara 15 ya shiga wasan besbol a makarantarsu, kuma kusan kullum sai mun yi gardama in mun zauna cin abincin dare. Shi ya dage cewa Barry Bonds ya fi kowa iya bugu a tarihi, tunda shi ke da hom-ron 762. Dattawan da nake ɗauka a mota kuwa cewa suke yi Bonds maguɗi ya yi da ƙwaya, Hank Aaron ne sarkin gaskiya, wasu kuma su ce Babe Ruth. Don Allah wa ya fi? Kuma wai da gaske ƙwayar nan tana sa mutum ya iya bugu, ko ƙwanji kawai take ƙarawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya yaron, ya yi wa rayuwarsa albarka. Tambaya biyu ka yi a dunƙule: yadda za a auna mutanen da ba su yi zamani ɗaya ba, da kuma abin da ƙwaya ke yi a jikin mai bugu. Ta biyun ita ce fagena, domin aikina shi ne horar da ƙarfin jikin 'yan wasa, na kuma daɗe ina yi da 'yan sakandare da 'yan jami'a a nan Amurka, da yawansu 'yan besbol. Ta farkon kuwa gardama ce da na sha yi da abokan aiki, kuma ina da matsayata a kai.

Saboda masu karatu na gida da ba su saba da wasan ba, ga abin da ake magana a kai. Mai jifa yana tsayawa mita 18.44 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa. Kafin ta iso bai wuce daƙiƙa 0.4 ba. A cikin wannan ƙiftawar ido mai bugu zai gane ko ƙwallon miƙe za ta zo ko za ta lanƙwasa, ko ta cancanci duka ko a ƙyale ta, sannan ya haɗa kulki mai zagaye da ƙwallo mai zagaye. Gwanin gwanaye ma cikin goma yakan faɗi sau bakwai. In ya buga ta ta tsallake katangar fili, shi ne hom-ron. In mai jifa ya yi jifa huɗu a wajen da'ira mai bugu bai kai musu duka ba, sai a ba shi zangon farko kyauta, wato na farko cikin zanguna uku da ɗan wasa ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo gare shi a kan Bonds.

Kowa da zamaninsa

Kuskuren da ɗanka ke yi, kuma ba shi kaɗai ba, shi ne jera 762 na Bonds da 755 na Aaron da 714 na Ruth kamar kuɗi ne iri ɗaya. Ba iri ɗaya ba ne. A 1920, shekararsa ta farko a Yankees, Ruth ya buga hom-ron 54. Babu wata ƙungiya ɗaya a gasar American League, ɗaya daga manyan rukunoni biyu na besbol a Amurka (ɗayan shi ne National League), in ka cire tasa, da 'yan wasanta gaba ɗaya suka haɗa 54 a wannan kakar. Mutum ɗaya ya fi ƙungiya guda. Kafin nan ma gwanin jifa ne a Boston Red Sox. Wannan rata da ya ba tsararrakinsa babu wanda ya sake ba da irinta.

Sai dai Ruth bai taɓa fuskantar baƙar fata a wasan gasa ba, domin an toshe musu ƙofa har ranar 15 ga Afrilu 1947 da Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers, shekara 12 bayan Ruth ya ajiye kulki. Baƙaƙen fata suna can a gasarsu daban, da gwanayen jifa irin su Satchel Paige, da mai bugu irin Josh Gibson. A watan Mayun 2024 da hukumar MLB, mai gudanar da babbar gasar besbol ta Amurka, ta shigar da alƙaluman waɗannan gasanni cikin kundinta, Gibson ne ya hau saman kowa a awon bugu, wato yawan bugun da ya yi nasara, da 372 cikin 1,000, ya ture Ty Cobb da ke riƙe da kambun. Don haka duk mai cewa zamanin Ruth tsarkakakke ne ya manta da wannan. Ba da ƙwaya aka gurɓata shi ba, da wariya aka gurɓata shi.

Ted Williams, wanda dattawanka ba su ambata ba, ya buga 406 cikin 1,000 a 1941, kuma tun daga nan babu wanda ya sake kai 400 a American League ko National League. A tsawon rayuwar wasansa, cikin duk zuwa 1,000 da ya yi gaban mai jifa, sau 482 ya isa zango lafiya, abin da har yau ba a karya ba. Ya gama da hom-ron 521, alhali ya rasa kaka uku cur, 1943 zuwa 1945, saboda aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sake rasa mafi yawan 1952 da 1953 yana tuƙa jirgin yaƙi a Koriya. Shekarun da ya rasa su ne na ganiyar ƙarfinsa.

Aaron kuwa wani iri ne daban. Bai taɓa wuce 47 a kaka ɗaya ba. Nasa naci ne, shekara bayan shekara sama da 20 ba ya gajiya, har ya tara bugu mai nasara 3,771, wanda ko ka zare hom-ron ɗinsa 755 duka, saura ya haura 3,000. Ya yi wasa a shekarun 1960 lokacin da masu jifa suka danne masu bugu, har a 1968 Carl Yastrzemski ya zama na ɗaya a American League da 301 cikin 1,000 kacal, abin da ya sa aka rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a shekarar da ta biyo. Kuma lokacin da yake dab da kamo Ruth, wasiƙun zagi da barazanar kisa ne ke zuwa masa tuli saboda launin fatarsa. A haka ya buga ta 715 a Atlanta ranar 8 ga Afrilu 1974.

Masu lissafin wasan suna da wani ma'auni da ake kira OPS+, wanda ke auna mutum da mutanen zamaninsa, ya kuma yi la'akari da filin da yake wasa. Matsakaicin ɗan wasa shi ne 100. A kansa Ruth na da 206, Williams 191, Bonds 182, Aaron 155. Ma'auni ne mai amfani, ni ma da shi nake fara duba mutum. Amma abin da yake faɗa maka shi ne nisan da mutum ya ba na kusa da shi. Ba ya faɗa maka ƙarfin na kusa da shin, ba ya kuma sanin abin da kowa ya sha.

Abin da ƙwaya ke yi da wanda ba ta yi

A nan zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai masu cewa sitirod, wato ƙwayar ƙara tsoka, ba ta sa mutum ya ga ƙwallo, saboda haka ba ta da tasiri. Rabin maganarsu gaskiya ne. Ba ta ƙara kaifin ido, ba ta koya wa hannu lokacin duka, ba ta ba mutum haƙurin ƙyale mummunan jifa. Ɗan wasan farko da aka dakatar a ƙarƙashin sabuwar dokar gwajin ƙwaya ta 2005 shi ne Alex Sánchez, wanda duk rayuwar wasansa a babbar gasa hom-ron 6 ya buga. Jerin waɗanda aka kama cike yake da sunayen da ba wanda ya sani. In ba ka iya ba, allura ba za ta iya maka ba.

Amma ga wanda ya riga ya iya, labarin ya sha bamban. A 1996 likita Shalender Bhasin da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine. Sun riƙa yi wa maza allurar testosteron, wani nau'in sitirod, miligiram 600 kowane mako har mako 10. Waɗanda suka haɗa allurar da ɗaga ƙarfe sun ƙara kimanin kilo 6 na nama marar kitse. A mako goma. Ni da nake tsaye kan yara a ɗakin ƙarfe, in saurayin da ya riga ya saba horo ya ƙara kilo biyu ko uku na tsoka a shekara guda, murna muke yi, mu ce ya yi ƙoƙari.

To ina tsoka ke shiga harkar bugu? Ƙarfin duka daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, ya bi ta gadon baya, ya ƙare a kan kulki. Ƙarin tsoka na nufin kulki zai zagayo da sauri. Wani masanin kimiyyar lissafin motsi a jami'ar Tufts, Roger Tobin, ya yi lissafi cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na tsoka zai iya ƙara wa ƙwallo saurin fita da kusan kashi 4, wannan kuma zai iya ƙara yawan hom-ron da kusan rabi. Da jin farko kamar an yi ƙari, amma ka zauna a filin Yankees ka ƙirga ƙwallayen da ake cafkewa dab da katanga, sai ka gane. Kowane ƙarin mil ɗaya a awa a saurin fita yana ƙara wa ƙwallo tafiyar kusan ƙafa 5. Ƙarin mil huɗu ya zama kusan mita 6. Ƙwallon da da za ta mutu a hannun mai tsaron baya, yanzu tana cikin 'yan kallo. Mai bugun da ba ya kai ƙwallo bakin katanga ba zai amfana sosai ba. Wanda kullum yake kai ta can shi ne zai kwashi garaɓasa.

Akwai wata riba ta biyu da lissafi ba ya nunawa kai tsaye. In kulkinka ya ƙara sauri, za ka iya jinkirta fara duka da ɗan abin da bai kai ƙiftawa ba, ka ƙara kallon ƙwallon kafin ka yanke shawara. Ta nan ƙarfi ke shigowa cikin abin da muke ɗauka aikin ido ne kawai.

Ta uku ita ce a ganina ta fi duka, wato murmurewa. Kakar MLB wasa 162 ce cikin wata shida, kusan kullum, ga tafiye-tafiye daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Ko a wurin yarana da wasanninsu ba su kai haka ba, ƙarshen kaka za ka ga nauyinsu ya ragu, saurin kulkinsu ya sauka a na'urar da muke aunawa, wuyan hannu da ƙugu suna ciwo. Mai shan sitirod yana iya ɗaga ƙarfe yau ya buga wasa gobe jikinsa garau, a watan Satumba yana nan kamar Afrilu. Ga wanda ya haura 35 kuwa, wannan shi ne bambancin ci gaba da wasa da komawa gida.

Na taɓa samun wani yaro ɗan jami'a da ya tafi hutu ya dawo bayan wata uku kamar an hura shi, bayansa duk ƙuraje, fushi a kusa. Ƙwallonsa tana tafiya fiye da da, babu musu. Amma jifan da ke lanƙwasa ƙasa, wanda yake kai wa duka ya kuskure kafin hutu, bayan hutu ma haka yake kuskurensa. Kafin kaka ta yi nisa jijiyar cinyarsa ta yage, domin tsoka takan riga jijiya girma. Wannan yaron ya koya mini duka ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya, kuma har yau ina jin zafin abin da ya same shi.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba ƙwaya kaɗai ta cika shekarun 1990 da hom-ron ba. An ƙara ƙungiyoyi biyu a 1993, aka sake ƙara biyu a 1998, masu jifan da da ba za su samu gurbi ba suka samu. An buɗe filin Coors a Denver a 1995, a tudun da ya kai mita 1,600, inda iska ba ta da kauri, ƙwallo ke tafiya kamar an tura ta. Ita kanta ƙwallon tana sauyawa: a 2019, shekaru da yawa bayan an tsaurara gwaji, aka buga hom-ron 6,776 a gasar, fiye da 5,693 na shekarar 2000. Masu jifa ma sun sha, ba masu bugu kaɗai ba. Kafin sitirod kuma akwai ƙwayar amfetamin mai hana gajiya, wadda aka daɗe ana haɗiya a ɗakunan sauya kaya ba a hana ta ba sai 2006. Aaron da kansa ya rubuta cewa ya gwada guda ɗaya a 1968, zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku, bai sake ba.

Duk da haka ruwa ba ya tsami banza. Daga 1927 da Ruth ya buga 60 har zuwa 1997, mutum ɗaya ne ya sake kai wannan adadi, Roger Maris da 61 a 1961. Daga 1998 zuwa 2001 aka kai shi sau shida, kuma mutum uku ne suka yi: Mark McGwire, Sammy Sosa da Bonds. Aka fara gwajin fitsari a 2003, sai abin ya ɗauke ɗif, ba a sake gani ba sai 2022 da Aaron Judge na Yankees ɗin unguwarku ya buga 62. McGwire ya amsa da bakinsa a watan Janairun 2010 cewa ya yi amfani da sitirod, har da shekarar da ya buga 70.

Bonds na farko da Bonds na biyu

Ka gaya wa ɗanka ya raba rayuwar Bonds gida biyu, ya sa iyaka a ƙarshen 1998. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinsa Bobby Bonds gwani ne, shahararren ɗan wasa Willie Mays kuma uban goyonsa ne. Zuwa ƙarshen 1998 Barry ya riga ya zama gwarzon shekara sau uku, yana da hom-ron 411, ya saci zango 445 (wato ya ruga zango na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba), ya karɓi kyautar gwanin tsaro sau takwas. Shi ne mutum na farko da ya haɗa hom-ron 400 da satar zango 400. Da a nan ya tsaya, babu mai gardama kan shigarsa Zauren Gwaraza na Cooperstown, inda ake karrama manyan 'yan besbol. A wannan lokacin yakan buga hom-ron ɗaya cikin kusan duka 16, kuma mafi yawan da ya yi a kaka shi ne 46.

'Yan jarida biyu na San Francisco Chronicle, Mark Fainaru-Wada da Lance Williams, sun ruwaito cewa bayan kakar 1998, wadda duniya ta koma kallon McGwire da Sosa, ya fara amfani da ƙwayoyi. A 2001, yana da shekara 36 zuwa 37, ya buga 73, wato ɗaya cikin duka shida da rabi. A 2002 ma'aunin nan na OPS+ ya nuna masa 268, alhali a 1993, yana ɗan 28 zuwa 29, 206 ya samu. A 2004, shekarar da ya cika 40, an ba shi zango kyauta sau 232, daga ciki 120 da gangan aka yi don gudun kada ya taɓa ƙwallon, kuma cikin duk zuwa 1,000 ya isa zango sau 609. Masu bugu sukan kai ƙololuwa wajen shekara 27 zuwa 29. Ken Griffey Jr., wanda ba a taɓa alaƙanta shi da ƙwaya ba, yana da 398 a ƙarshen 1999, daga nan raunuka suka yi ta cinsa, ya ƙare da 630. Haka jikin ɗan Adam ya saba yi. Gaskiya ne Williams ya buga 388 cikin 1,000 a 1957 yana dab da 39, Aaron ma ya buga hom-ron 40 yana da shekara 39, to amma su riƙe matsayinsu suka yi. Bonds wuce ƙuruciyarsa ya yi, ya ba ta rata mai nisa.

A watan Satumban 2003 jami'an gwamnati suka kai samame kamfanin BALCO na Victor Conte, wanda aka zarga da raba wa 'yan wasa ƙwayoyi. A gaban masu taimaka wa kotu a watan Disamba, Bonds ya ce mai horar da shi Greg Anderson ya ba shi wani ruwa garau da wani man shafawa, shi kuma ya ɗauka man ƙwayar filakis ne da maganin ciwon gaɓoɓi. Bai taɓa amsa cewa ya sha da saninsa ba, MLB ba ta taɓa dakatar da shi kan gwaji ba, hukuncin da kotu ta yi masa a 2011 na kawo cikas ga shari'a kuma an soke shi a 2015. Wannan shi ne matsayinsa a doka, ya kamata a faɗe shi. Matsayina a matsayin wanda ya san yadda jiki ke tsufa shi ne, abin da ya faru daga 2001 zuwa 2004 ba ɗaga ƙarfe da cin abinci mai kyau kaɗai suka kawo shi ba. Marubutan da ke zaɓen Cooperstown ma sun ƙi shi, a shekararsa ta ƙarshe a takardarsu, 2022, ya samu kashi 66 alhali 75 ake buƙata. Ina ganin hukumar wasan ba ta da bakin wanke kanta a nan: tun 1991 aka rubuta takardar hana shan sitirod, amma shekara 12 ba a gwada kowa ba, filaye na cika bayan yajin aikin 1994, kowa ya kau da kai.

Iyakar wannan ilimi ita ce babu wanda zai iya zare ƙwaya daga 762 ya ba ka adadin da ya rage. Ba a yi gwaji a shekarun da abin ya fi yawa ba, rahoton binciken ƙwaya na tsohon sanata George Mitchell na Disamban 2007 da ya ambaci 'yan wasa 89 ma daga bakin shaidu kaɗan ya samo yawancin sunayen. Ni kuma aikina da matasa ne, jikin ɗan shekara 20 na fi sani a hannu.

In ka matsa mini sai na zaɓa, ga nawa. Wanda ya fi ba zamaninsa rata, Ruth. Wanda zan ɗora wa yaro ya koyi bugu daga gare shi, Williams. Adadin da na fi girmamawa, 755 na Aaron. Bugun da ya fi kowanne tsoratarwa da ido ya taɓa gani kuwa na Bonds ne a waɗancan shekaru huɗu, sai dai ba na ɗora shi a sikeli ɗaya da sauran. Ɗanka bai yi kuskure ba da ya ga gwaninta a wurinsa, adadin da ya kafa hujja da shi ne ba daidai ba.

Game da shi yaron, tunda shekararsa 15, ƙasusuwansa ba su gama tsawo ba, kuma sitirod na iya rufe wurin tsawon ƙashi da wuri, ban da illarta ga zuciya da hanta. Duk garin ƙarin ƙarfi da zai ce a saya masa, ka duba ko akwai tambarin NSF Certified for Sport a jiki, mai nuna an gwada shi don haramtattun ƙwayoyi, ka kuma nuna wa likitansa kafin ya sha.

In kun zauna cin abinci gobe, ku nemo faifan wasan Giants, ƙungiyar Bonds, da Arizona na ranar 28 ga Mayu 1998, wato kafin iyakar da muka sa. Zagayen ƙarshe ne, Arizona na gaba 8 da 6, saura mutum ɗaya a fitar, zanguna uku duk cike da 'yan Giants, Bonds ya shigo da kulki. Kocin Arizona, Buck Showalter, ya ba da umarni a ba shi zango da gangan, ya yarda a ci shi maki ɗaya kyauta da dai ya bar Bonds ya kai duka. Brent Mayne da ya biyo baya ya buga ta miƙe, aka cafke a dama, Arizona ta ci 8 da 7.